Bijimai Tara a Kan Dutsen Madaci

Bijimai tara aka tarar a mace a kan Dutsen Madaci ranar wata Talata, cikin bazarar shekara ta biyu da aka yanke mana Jihar Jigawa. Jajaye ne manya, na Alhaji Abdurra'uf mai manyan motoci a Birnin Kudu. Goma sha biyu ya sayo a karar Maigatari, ya kai rugar wani makiyayi Bappa a yi musu kiwon turke kafin babbar Sallah. Cikin taran nan ko ɗaya wuƙa ba ta samu ba, duk mushe suka tafi. Kashegari aka ce an ga buhun takin zamani a farke a bakin idon ruwan da suka sha. Kafin azahar mutanen Kwarin Madaci, ƙauyen da ke gindin dutsen ta wajen Fagam, sun gama yanke hukunci a bakinsu: Dogara mai zuma ne ya zuba guba.

Ni sunana Sada, bin sawu ne sana'ata, shekara talatin da ɗoriya. Ana cewa ba ni da fara'a. Ban musa ba. Wanda ya yi shekarun nan yana jin abin da mutane suka faɗa da baki, sannan ya je ya ga inda ƙafarsu ta taka, dole fara'arsa ta ragu.

Ranar Alhamis da safe wata mata ta yi mini sallama a gidana na Birnin Kudu, ƙafarta duk faso, idonta a bushe.

"Malam Sada, ni ce Rahamatu, matar Dogara. Dagaci ya kulle shi a rumbun gidansa. Mutanen ruga sun zauna a ƙofa da sanduna. Gobe bayan Juma'a za a fito da shi a kai shi Gwaram, su kuma sun rantse ba zai kai bakin titi da ransa ba."

"Shi ya yi?"

"Mijina ba ya kashe dabba."

"Ba halinsa na tambaye ki ba. Shi ya yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Malam. Ranar Litinin dai ya hau dutsen, ya dawo bai taɓa tuwo ba."

Da ta rantse mini da ban tashi ba. Wannan "ban sani ba" ita ta sa na ɗauki sandata.

* * *

Babu wanda ya yi murna da ganina a Kwarin Madaci. Manoma suna kallona kamar Alhaji ne ya turo ni, makiyaya kuma sun ga na sauko mota tare da Rahamatu. Na yi sallama a ƙofar Dagaci, mutum ya fi ashirin a wurin, murya biyu ce ta amsa.

Dagacin tsoho ne mai son kowa ya rabu da shi lafiya, abin da bai taɓa samu ba. Shi ya ba ni tushen rigimar. Kan dutsen fili ne shimfiɗaɗɗe, a da ciyawarsa tana ɓoye mutum a tsaye. Daga can ake yanko gamba ta zana da shuci na jinka, mata su samo magungunan haihuwa da na ciwon ciki, masu zuma su rataye amya. Da gonaki suka cinye makiyaya da burtali a ƙasa, sai garke bayan garke ya koma sama, rani da damina, har shekara ashirin. Dogara ne ya yi ta sintiri a zauren nan har aka hana hawa da dabba na tsawon shekara biyar, don ciyawar ta samu ta zubar da iri. Yanzu an ci uku.

"Tun ranar ba a ga maciji tsakaninsa da mutanen ruga," in ji Dagaci. "Sai kuma mako uku da suka wuce wuta ta cinye kan dutsen. Wa ya sa? Oho. Su sun ce shi ne garin cire zuma."

Aka buɗe mini rumbun. Dogara yana zaune a kan tsohon kwando, baƙi, siriri, ƙafarsa ta hagu a karkace waje tun wata faɗowa daga bishiya. Ƙafar na fara duba kafin fuskar, ba na iya daina wannan.

"Kai ka sa wutar?"

"Amya goma sha ɗaya gare ni a can. Je ka ƙirga abin da ya rage."

"Kai ka zuba taki a ruwan?"

"Ban taɓa riƙe buhun takin zamani ba. Kashin awaki nake kai wa gonata."

"Me ya kai ka sama ranar Litinin?"

Ya dube ni sosai. "Dutsen uban wani ne?"

"Me ka gani?"

"Toka."

Ya juya fuskarsa bango. Na ji haushinsa ƙwarai. Mutum ana wasa wuƙa a kansa, kai ka baro gidanka don shi, yana maka magana kamar kai ka ƙona amyar.

* * *

Safiyanu, ƙanin Alhaji, shi ke kula da dabbobin wansa, shi kuma ya gano buhun. Na same shi a inuwar babbar motar da yake zuwa da ita, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, shaddarsa tana ƙyalli. Bappa yana tsugune a gefe, dattijo fari mai gajeren gemu, yana zane ƙasa da tsinke.

"Kai ne mai duban ƙasar?" in ji Safiyanu. "An gama magana ai. Ga mushe, ga buhu, ga maƙiyi. Me ya rage?"

"Yaya bijiman turke suka hau dutse?"

"Tsinkewa suka yi. Bappa ya tafi gaisuwar mutuwa Maruta tun Lahadi, 'yan'uwansa sun kora fararen shanu fadama, babu namiji a rugar. Dabba ta hango kore a sama, me zai riƙe ta?"

"Kai kana ina ranar?"

"Ni kake tambaya?" Ya sauke ƙafa. "Dukiyarmu ce ta salwanta, malam. Ka san da wa kake magana."

"Na sani. Kana ina?"

"Birnin Kudu. Ranar Talata aka aiko mini, na zo. Laraba na hau na ga buhun da idona, na kira jama'a."

Na juya wajen Bappa. "Baba, kai me ka gani?"

Bai ɗago ba. "Ni ba na nan."

Raina ya ba ni Bappa ne. Makiyayin da aka kashe masa dabbar amana ba ya zama yana zanen ƙasa, sai ka riƙe shi. Na ɗauka ko sakacinsa ne yake rufewa, ko ma ya sayar da ukun da suka tsira a ransa tun kafin a ankara. Da wannan zargin na hau dutsen, kuma ban yi daidai ba.

* * *

Na san Dutsen Madaci tun ina saurayi, na taɓa bin ɓarawon doki ta kansa. A lokacin sai ka raba ciyawa da hannu kake wucewa, fakara tana tashi a ƙafarka, zomo yana gifta ka, rema a kan kowane fa tana shan hantsi. Ranar nan na yi doguwar tafiya a kansa ban ji kukan tsuntsu ba, in ban da ungulu.

Gefen gabas, inda hanin shekara ukun ya fara kamawa, gindin gamba yana nan baƙi ƙirin, amma yana fitar da toho siriri ta tsakiya. Akwai kyasuwa, akwai harkiya, har da wasu 'yan tsirrai da na manta da su. Gefen yamma kuwa, inda shanu suka fi zama duk shekarun nan, ƙasa ta daskare kamar daɓe. Babu gindin ciyawa ko ɗaya da wuta za ta tasa. Amma wurin kore shar, kore mai kyau, da furanni ruwan ɗorawa tuli-tuli. Abu ɗaya ne ya rufe shi daga wannan fa zuwa wancan.

Tururubi.

Duk wanda ya tashi a duwatsun nan ya san shi, tsiro ne mai guba ga dabba. Saiwarsa tana can ƙasa, wuta ba ta kai mata, shi ke riga kowa fitowa bayan ƙuna. A da sai ka nema kafin ka ga gindi biyu a cikin gamba. Shanun ƙasar nan ba sa kallonsa, tun suna maruƙa suka koya daga uwayensu. To, shekara ashirin suna cinye duk abin da ke kewaye da shi suna bar masa fili, me zai hana shi mamaye wurin? Na tsuguna na duba. An datse kawunansa da baki, gindi bayan gindi, ga manyan kofatai a cikin toka. Bijiman arewa ba su taɓa ganinsa ba. Sun fito daga turke da yunwar ɗanye, suka faɗa masa.

Daga nan zawo ya fara, baƙi da jini, ya yi layi har idon ruwa. Cikinsu ke ƙuna suka nemi ruwa, a can suka zube.

Idon ruwan ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin wani fa. Jama'a sun tattake bakinsa kamar kasuwa, babu abin karantawa. Na leƙa cikin ruwan. Talibambam suna ta iyo abinsu, ƙudan zuma biyu uku suna sha a gefe. Ruwan da aka ce ya kashe bijimi tara ya kasa kashe ɗan kwaɗo.

Buhun yana nan inda aka gan shi, Dagaci ya hana a taɓa. An tsaga cikinsa da wuƙa daga sama har ƙasa, bakinsa kuma a ɗinke yadda ya fito daga kamfani. Na yi dariya ni kaɗai. A duk ƙasar Gwaram babu manomin da zai yi wa sabon buhu haka, ko da kisan kai ya zo yi. Zaren bakin yake warwarewa a hankali, ya naɗe zaren ya sa a aljihu, buhun kuma ya zama na gero, in ya tsufa ya zama shimfiɗa, in ya mutu ya toshe ɓular jinka. Hannun da ya yi wannan tsagar bai taɓa rasa buhu ba.

Amma tsaga ba ta isa hujja ba. Na sa sanda na ɗaga gefen buhun.

A ƙarƙashinsa akwai zawon nan mai jini, ya bushe ya yi ɓawo, a kan ɓawon kuma ga sawun ungulu guda biyu, raɗau. Na sauke buhun a hankali yadda yake.

* * *

Na gangara ruga. Tani, matar Bappa, tana wanke ƙwarya. Ta amsa sallamata a daƙile.

"Maigidan ba ya nan."

"Ba shi nake nema ba, Inna. Igiyoyin bijiman nake son gani."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta shiga bukka ta fito da su ta zube a gabana. Goma sha biyu, lafiyayyu, babu tsinkakkiya ko ɗaya.

"Ni na tattara su," in ji ta. "A kwance na same su. Ban taɓa ganin bijimin da ya iya kwance ƙulli ba."

"Wa ya kwance?"

"Ni mace ce, ina kallon ƙwaryata. Mu da dabbar mutane muke ci, Malam. In aka kwashe ta daga hannunmu, kai za ka ciyar da mu?"

"Gobe za a kashe mutum."

"Mutumin da ya hana shanunmu ci shekara uku?" Ta watsar da ruwan ƙwaryar dab da ƙafata. "Ban ce a kashe shi ba, amma kada ka ce in yi masa kuka."

Na juya zan tafi, sai na ji ta tana magana da ƙwaryar, ba da ni ba. "Harawa ta ƙare, an ce a jira mota ta kawo, wani ya ce ga ta Allah a sama. Masu jin kunyar idon gari ba ta gaba suke hawa ba."

* * *

Hanyar baya siririya ce, tana hawa ta yamma, jama'a ba su tattake ta ba. Toka tana riƙe sawu fiye da yashi. Kofatan bijimai goma sha biyu suna hawa a jere, ba a warwatse ba kamar na dabbar da ta tsinke. A bayansu mutum ɗaya da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa, yana zamewa yana dafa fa. Sawun takalmin nan ya sake hawa a wata rana, shi kaɗai, ya nutse sosai, yana miƙe hawan kai tsaye maimakon ya riƙa karkacewa kamar ɗan dutse. Sau huɗu ya sauke kaya ya huta. A gindin hanyar ga sawun taya bibbiyu.

Da a nan na tsaya da na yi barci mai daɗi. Amma ni ba na iya barin sawu a rabi.

A saman hanyar, ƙarƙashin wata ƙirya da wuta ta babbake, akwai ragowar amya biyu a ƙasa, sun zama gawayi. Kusa da su wani ya tsuguna. Ƙafar hagu a karkace waje. Ya daɗe, don dugadugansa sun haƙa rami, kuma ga ƙwallon goruba uku da ya gaigaye tas ya ajiye a jere. Goruba uku ba abin ɗan lokaci ba ne. Na tsuguna a gurbinsa na ɗaga kai. Filin tururubin gaba ɗaya yana gabana, ko jifa ba a kai ba. Wani bijimi ya matso har ya taka gefen sawunsa, shi kuma da ya tashi tafiya ya taka kan na bijimin. Lokaci ɗaya suka kasance a wurin.

Babu wanda ya san tururubi a ƙasar nan kamar Dogara. Ya zauna ya kalli dabbobi goma sha biyu suna cin ajalinsu, yana cin goruba.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi Dagaci ya tara kowa a ƙofar gidansa. Alhaji Abdurra'uf ya iso daga Birnin Kudu, babban mutum mai ƙaramar murya. Safiyanu yana damansa, Bappa a ƙasa, makiyaya a bayansa da sanduna, manoma a ɗaya gefen. Aka fito da Dogara, wani ya tofa yawu.

Na ajiye reshen tururubi a tsakiya. "Baba Bappa, mene ne wannan?"

Tsohon ya kalle shi, ya kau da kai. "Tururubi ne."

"In baƙuwar dabba ta cika ciki da shi fa?"

"Ba ta kwana biyu."

Makiyayan suka fara kallon juna. Sun san shi sarai. Tun Laraba babu wanda ya waiwayi filin, saboda an riga an ba su buhu da sunan wanda suke ƙi.

"Ƙarya ce!" Safiyanu ya miƙe. "Buhun fa? Daga sama ya faɗo?"

"A kafaɗa ya hau, sau huɗu aka huta da shi. Jama'a, wa ya taɓa ganin manomi ya tsaga sabon buhu a ciki, bakinsa yana ɗinke?"

Wani tsoho cikin manoma ya ce, "Sai mahaukaci." Aka yi 'yar dariya marar daɗi.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Alhaji a hankali.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ga hujjar. A ƙarƙashin buhun akwai zawon bijimin da ke mutuwa, ya bushe, kuma ungulu ta taka shi. Ungulu ba ta sauka sai an mutu. Bijimanka sun mutu, ungulu ta zo ta ci ta tashi, sannan aka kawo gubar da ta kashe su. Wanda ya kawo ta, da sau-ciki ya hau, daga motar da ke da taya bibbiyu. Da takalmin nan kuma aka kora su sama ranar Litinin ta hanyar baya. Igiyoyinsu suna ruga, kwance su aka yi."

Ban kalli ƙafar kowa ba. Jama'a ne suka kalla mini. A duk taron mutum ɗaya ne da sau-ciki, yana ƙoƙarin jan ta ƙarƙashin shadda.

Alhaji bai dubi ƙaninsa ba. "Bappa, shekara goma sha takwas kana riƙe mini dabba. Faɗa mini."

Bappa ya jefar da tsinkensa. "Shi ya sa wutar, Alhaji. Ya ce a Kano an faɗa masa in an ƙone daji kwana ashirin ake samun kore. Na ce masa wannan zancen da ne, lokacin da akwai gamba. Na ce yanzu gefen nan ba abin da zai fito sai tururubi, mu muka cinye sauran da shanunmu. Ya ce kore kore ne, tsoron Dagaci ne ke damuna. Ya jira na tafi Maruta. Da na dawo ya ce in na buɗe baki za a kwashe garken."

Safiyanu ya fara rantse-rantse, wansa ya ɗaga hannu ɗaya, ya yi shiru. Sandunan da ke tsaye suka sauka ɗaya bayan ɗaya, amma fuskokin ba su saki ba. Sun zo da fushin shekara uku, an ƙwace musu inda za su sauke shi.

Wani dogo cikinsu, Abu, ƙanin Bappa, ya nuna Dogara da haɓa. "To shi me ya kai shi sama ranar Litinin? An gan shi yana saukowa. In ya ga dabba a kan tururubi ya yi shiru, wallahi da shi da mai guba ɗaya ne a wurinmu."

Rahamatu ta dafe bango.

"Malam Sada," in ji Dagaci, "ƙasa ta ce wani abu a kan wannan?"

Ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba. Na ce, "Wanda ya zuba guba aka ce in nemo. Babu guba. Wanda ya kawo buhu kuma ga shi nan."

"Ba a amsa mini ba," in ji Abu. "Mu ma muna da ido. In an sauko Juma'a za mu hau, gaba da baya, mu duba da kanmu."

Alhaji ya ce shi ma zai hau. Aka tashi a kan haka.

* * *

Na tsare Dogara a bayan rumbun da ya kwana biyu a ciki. Yana miƙe ƙafa, ko godiya bai yi niyyar yi ba.

"Goruba uku," na ce.

Ya tsaya cak. Bai tambaye ni me nake nufi ba.

"Ihu ɗaya ya isa, Dogara. Ka ɗaga murya ka ce wa wawan nan ya kora su gabas. Dabbobin ba su ƙona maka amya ba."

"Ihu?" Ya matso har ina jin numfashinsa. "Shekara uku ina ihu a ƙofar gidan nan. Na ce dutsen yana mutuwa, aka ce hassada nake yi wa masu shanu. Na bi gindin gamba ɗaya-ɗaya ina kewaye shi da ƙaya, aka ce na haukace. Ranar da ƙudan zumana suka ƙone a cikin amya, wa ya yi ihu? Na hau in kwashe gawayinsu, na tarar da wanda ya ƙone su yana kiwo a kan tokar. Na buɗe baki, Malam Sada. Wallahi na buɗe. Sai na ji babu komai a ciki."

"Suna kukan ciwo kana jin su."

"Har yanzu ina jin su." Ya share fuska da tafin hannu. "Je ka faɗa musu. Ba zan musa ba."

Na so in mare shi. Na kuma so in zauna a ƙasa kusa da shi. Ban yi ko ɗaya ba. Ladan ya fara kiran sallah, mutane suna ta wucewa masallaci, Abu da mutanensa sun jingine sandunansu a bakin ƙofa inda za su same su da an sallame. Abu makiyayi ne, karkatacciyar ƙafa a cikin toka ba za ta gagare shi karantawa ba, kuma a kan dutse babu Dagacin da zai kulle wani a rumbu.

Tun da na balaga Juma'a ba ta taɓa wuce ni ina lafiya ba. Ranar ta wuce ni. Na bi ta bayan gari, na hau hanyar yamma da rana a tsakar ka, ina kaucewa sawun sau-ciki don su same shi yadda yake. A ƙarƙashin ƙiryar na tsince ƙwallayen goruban na zuba a aljihu. Na karyo reshe na share wurin, ramin dugadugan, da kofaton bijimin, da karkatacciyar ƙafar, har inda ta sauka kan fa ta ɓace. Sannan na yi ta zagaya bishiyar da ƙafata, na tsuguna, na tashi, na sake zagayawa.

Da suka iso suna haki, Abu ya wuce kowa zuwa gindin ƙiryar. Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago da jajayen idanu.

"Sawun wa ne wannan duk ya cika wurin?"

"Nawa ne," na ce.